Google Calendar a Hannun Mai Aikin Lissafi a Kano: Inda Ya Yi Amfani da Inda Ya Gaza

Aikina shi ne riƙe littattafan lissafi na wasu shaguna da ƙananan kamfanoni a cikin birnin Kano, daga masu sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, zuwa masu kayan masarufi a Kasuwar Singa, har da wasu dillalan hatsi a Dawanau. Mai irin wannan sana'a ba shi da ubangida ɗaya da zai tsara masa yininsa, domin kowane ɗaya daga cikin masu hulɗa da shi yana ganin kamar shi kaɗai ake yi wa aiki, kuma kowannensu yana da ranakun da idan aka bari suka wuce, tara ce za ta biyo baya. A cikin wannan hali ne na daɗe ina amfani da manhajar Google Calendar, kuma na ga ya dace in faɗi ra'ayina a kanta dalla-dalla, saboda yawancin bayanan da ake yi game da ita an yi su ne domin mutanen da yininsu bai yi kama da namu ba. Hukuncina tun daga farko shi ne manhajar tana da amfani ƙwarai, amma ba za ta yi wa mutumin Kano aiki yadda take fitowa daga kamfani ba, sai ya zauna ya lanƙwasa ta ta bi salloli biyar da watan Musulunci da haƙƙoƙin zumunci, waɗanda su ne ainihin ginshiƙan lokacinmu.

Kamfanin Google na ƙasar Amurka ya fito da wannan kalanda a watan Afrilu na shekarar 2006, a matsayin shafi da ake buɗewa a kwamfuta, daga baya kuma aka yi mata manhaja ta wayar Android da ta iPhone. Kyauta ce ga duk mai adireshin Gmail, kuma da yawa daga cikin wayoyin Android da ake saya a Farm Centre ko Titin Beirut suna zuwa da ita a ciki, ko da yake na lura mutane da dama ba su taɓa buɗe ta ba sai don su duba ko yau nawa ga wata. Akwai wani nau'i na kuɗi, wanda ke cikin tsarin Google Workspace na kamfanoni da makarantu, amma duk abin da zan faɗa a nan ya shafi na kyauta ne, domin shi ne nake amfani da shi kuma shi ne mafi yawan masu karatu za su samu a hannunsu.

Abu na farko da ya sa na riƙe manhajar shi ne iyawarta wajen maimaita al'amari da kanta. A dokar harajin Nijeriya, kuɗin harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikata dole ne a miƙa shi ga hukumar tara haraji ta jiha kafin ranar 10 ga watan da ke biye ta wuce, bayanan harajin VAT kuma, wato wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya da ayyuka, ga kamfanonin da doka ta hau kansu, suna da wa'adin ranar 21 ga watan da ke biye. Ban da waɗannan, mai ɗaukar ma'aikata yana da ranar 31 ga Janairu domin gabatar da bayanan shekara na ma'aikatansa, kamfani kuma yana da wata shida bayan rufe shekararsa ta lissafi ya gabatar da nasa. Idan mutum yana riƙe da littafin wuri ɗaya, zai iya ajiye waɗannan ranaku a ka. Idan wuraren suka yi yawa, kuma kowanne yana da nasa ranar biyan haya da ranar albashi da ranar da mai kawo kaya zai zo karɓar kuɗinsa, to kai ba ya ɗauka. A wannan manhaja, sau ɗaya ake rubuta abu, a ce ya riƙa dawowa kowane wata ko kowace shekara, shi ke nan an gama. Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya ɗora wa al'amari guda tunatarwa fiye da ɗaya, saboda haka nakan sa ta farko mako guda kafin wa'adi, wadda ke nufin lokaci ya yi da zan bi shaguna in tattaro rasit da takardun banki, ta biyu kuma kwana biyu kafin wa'adi, wadda ke nufin ya kamata a ce an riga an biya. Tunatarwar da ke zuwa a ranar wa'adin kanta ba ta da wani amfani a wurinmu, domin ranar ce layin intanet zai iya tsinkewa ko banki ya riƙe kuɗi, kuma hukuma ba ta karɓar wannan a matsayin uzuri.

Maimaitawar ba ta tsaya ga lambar rana kawai ba. Ana iya cewa abu ya riƙa dawowa a Asabar ta ƙarshe ta kowane wata, wanda ya yi daidai da ranar tsaftar muhalli a Kano, lokacin da ake taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7:00 zuwa 10:00 na safe. Ƙaramin abu ne, amma wanda ya taɓa yin alƙawarin isa wani wuri da ƙarfe tara a irin wannan safiya ya san darajarsa.

Amfani na biyu, wanda ban yi tsammaninsa ba kafin in fara, shi ne ganin mako gaba ɗaya a shimfiɗe a gaban ido. Manhajar tana nuna yini ɗaya, ko kwana uku, ko mako, ko wata, kuma kowane al'amari yana cin fili gwargwadon tsawon lokacinsa. Jerin ayyuka da ake rubutawa a takarda yana yaudarar mutum, domin “zuwa Dawanau” layi ɗaya ne kamar yadda “kiran banki” yake layi ɗaya, alhali na farko yana cinye rabin yini, na biyu kuwa minti biyar ne. Wanda zai tashi daga Kwari ya bi Titin Katsina, ya ratsa Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa a cikin adaidaita sahu, tsakanin tireloli masu ɗauke da buhunan masara da riɗi, ya san cewa hanyar kanta aiki ce mai zaman kanta. Saboda haka nakan rubuta tafiya da dawowa a matsayin al'amura dabam, in ba su launin toka, kuma da zarar na yi haka sai ya bayyana ƙarara cewa ba zai yiwu a haɗa Dawanau da Sabon Gari da Zoo Road a yini guda ba, ko da an so. Taura biyu ba ta taunuwa. Wannan ne ya sa na koma ware wa kowane ɓangare na gari ranarsa, kuma ina ganin wannan sauyi kaɗai ya fi duk sauran abubuwan da manhajar ta yi mini. Launukan da ake iya ba wa al'amura suna da yawa, amma shawarata ita ce kada a wuce huɗu ko biyar, domin idan suka yi yawa ido ba ya ƙara rarrabe su.

Da wannan hanyar ce kuma nake kare safiyata. Aikin lissafi yana buƙatar natsuwa, kuma lamba ɗaya da ta kuɓuce tana iya jawo bincike na awa biyu, don haka daga bayan an karya kumallo zuwa wajen ƙarfe sha ɗaya na rufe shi a kalanda a matsayin lokacin zama kan littafi, ba na sa wata ganawa a ciki. Masu nau'in kuɗi suna da wani maɓalli na musamman da ke rufe irin wannan lokaci ya kuma ƙi karɓar gayyata da kansa, amma mai na kyauta ba ya rasa komai, domin rubuta al'amari na yau da kullum da sunan aikin ya wadatar. Dalilin zaɓen safiya bai tsaya ga zafin Kano ba, ko da yake duk wanda ya yi ƙoƙarin haɗa lissafi da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, ba wuta ba fanka, ya san yadda ƙwaƙwalwa ke yin nauyi. Akwai hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Sahru al-Gamidi, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma an ambata cewa shi Sahru ɗan kasuwa ne mai aika hajarsa da farkon yini, har dukiyarsa ta yawaita. Iyayenmu 'yan kasuwa sun san wannan tun kafin a ƙirƙiri waya. Abin da manhajar ta ƙara shi ne, idan wani ya kira yana neman in zo da ƙarfe tara, ina duba allon waya in ga wurin a cike, sai faɗin “a bari sai bayan Azahar” ya zo mini da sauƙi.

A nan ne kuma babbar gazawarta take, kuma ita ce nake so in tsaya a kanta sosai. Manhajar ba ta san salla ba. Mutumin Kano ba ya cewa mu haɗu da ƙarfe 4:25, cewa yake yi mu haɗu bayan La'asar, ko kafin Magariba, ko da hantsi, ko idan an sauko daga Juma'a, kuma kowa ya fahimci abin da ake nufi ba tare da an ƙara bayani ba. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin rashin tsari, ni kuwa ina ganin tsari ne cikakke, domin yini ya kasu gida-gida da iyakoki waɗanda dukan gari ya yarda da su, kuma ladan yana shelanta su a kowace unguwa. Matsalar ita ce waɗannan iyakoki suna motsi tare da rana. A watan Nuwamba rana tana faɗuwa a Kano wajen ƙarfe shida, a watan Yuli kuwa sai bakwai saura 'yan mintuna, wato bambancin kusan awa guda, kuma Asuba ma haka take gaba da baya. Ban da haka, masallatai sun bambanta wajen tsayar da Azahar da Juma'a, ta yadda “bayan Juma'a” a wani masallacin ya riga na wani da fiye da awa ɗaya. Google Calendar kuwa lamba take nema, kuma idan ka ce abu ya maimaitu kullum da ƙarfe 6:15, a nan zai tsaya shekara da shekaru, ko rana ta faɗi ko ba ta faɗi ba.

Abin da nake yi shi ne na buɗe wata kalanda dabam a cikin asusuna mai suna Salla, na sa lokutan jam'i na masallacin da ke kusa da inda nake zama aiki, kowanne da faɗin rabin awa domin ya haɗa da alwala da tafiya da gaisawa da mutane a ƙofar masallaci, sannan a farkon kowane wata in gyara Asuba da Magariba da Isha'i su yi daidai da yadda ake kira. Ba don a tuna mini da salla nake yin haka ba, domin kiran salla ya isa, kuma akwai manhajoji na musamman da suka fi ta iya wannan aiki. Ina yi ne domin yinin da nake gani a allo ya zama yinin gaskiya, ba wani dogon fili daga takwas zuwa biyar wanda babu shi a rayuwarmu ba. Da zarar sallolin sun zauna a wurarensu, sai a ga cewa tsakanin Azahar da La'asar ɗan lokaci ne da ya fi dacewa da kiraye-kirayen waya da amsa saƙonni, tsakanin La'asar da Magariba kuma shi ne lokacin da ake samun masu shaguna sun ɗan sarara, za su iya zama a duba littafi tare. Gyaran yana ɗaukar 'yan mintuna kawai, amma ina ganin bai kamata a ce mai amfani ne zai riƙa yin sa da hannu ba, ganin cewa wayar ta san inda take a doron ƙasa, lissafin fitowar rana da faɗuwarta kuma ba sabon ilimi ba ne, ga kuma ɗimbin Musulmi da ke amfani da manhajar a duniya.

Batun watan Musulunci ya ɗan fi wannan sauƙi, amma shi ma bai cika ba. A cikin saiti akwai wurin da ake zaɓen kalanda ta biyu, kuma Hijiriyya tana ciki har iri uku, ɗaya bisa lissafin Saudiyya, ɗaya bisa na Kuwait, ɗaya kuma bisa lissafi na gama-gari, ta yadda kowace rana za ta fito da lambobinta biyu. Wannan abin yabo ne, kuma ina shawartar kowa ya kunna shi. Sai dai a Nijeriya ganin wata ake bi, Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne ke sanar da kamawarsa daga Sakkwato, don haka wani lokaci lambar da ke cikin waya takan saɓa da tamu da kwana ɗaya, kuma a irin wannan hali sanarwar Sarkin Musulmi ce abin bi. Haka nan ranakun hutun Ƙaramar Salla da Babbar Salla da Mauludi da ke fitowa a jerin hutun Nijeriya na manhajar hasashe ne, har sai gwamnati ta sanar. Abin da ya fi damuna a sana'ata shi ne Hijiriyyar a nan ta kallo ce kawai, ba a iya cewa abu ya maimaitu bisa ita. 'Yan kasuwa da yawa suna ƙirga kayansu su fitar da zakka, ɗaya bisa arba'in na dukiyar da shekara ta kewayo mata, a wani sanannen wata kamar Muharram ko Ramadan, kuma shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Wanda ya rubuta ranar zakkarsa ya ce ta maimaitu kowace shekara, manhajar za ta bi Miladiyya ne, sai ya riƙa jinkirta haƙƙin talakawa da kwana goma sha ɗaya a shekarar farko, ashirin da biyu a ta biyu, ba tare da ya ankara ba. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Mafita ita ce duk ranar da aka kammala fitar da zakkar bana, a nan take a leƙa Hijiriyyar baɗi a rubuta sabuwar rana da hannu, a sa mata tunatarwa tun wata guda kafin ta zo domin a samu damar ƙirga dilolin da ke sito. Shi ma tsarin yini na watan azumi, wanda ke sauya komai daga lokacin buɗe shago zuwa lokacin tashi domin zuwa tafsiri, kowace shekara sai an sake gina shi.

Akwai kuma abin da babu wata kalanda da za ta iya hangowa. Ana iya wayar gari da rasuwa a unguwa, a ce jana'iza ƙarfe goma, kuma babu mai hankalin da zai ce ba zai je ba domin ya riga ya rubuta wani abu a waya. Ɗaurin aure da suna da dubiya da zaman gaisuwa haƙƙoƙi ne, ba katsalandan ba ne a cikin aiki, kuma duk tsarin da ya ɗauke su a matsayin ɓata lokaci ba namu ba ne. A nan manhajar ta yi abin kirki ta wata fuska, domin ɗaga al'amari daga yau zuwa gobe jan yatsa ne kawai, ba kamar takarda ba da sai an soke an sake rubutawa. Amma ɗagawar ba ta yiwuwa sai idan goben tana da wuri. Saboda haka nake barin yammacin Alhamis babu komai a cikinsa, a matsayin ma'ajiyar duk abin da mako ya ture, kuma da wuya ya wuce bai cika ba. Allon da ke nuna awa ashirin da huɗu yana jan mutum ya cike kowane gurbi, kuma wanda ya bi wannan jan, rasuwa ɗaya za ta wargaza masa mako.

Sashen da kamfanin ya fi alfahari da shi, wato gayyatar mutane zuwa ganawa da raba kalanda, shi ne ya fi ƙarancin amfani a kasuwannin Kano. Gayyatar ta imel take tafiya, manyan 'yan kasuwarmu kuwa waya suke ɗauka su kira, ko su aiko da saƙon murya ta WhatsApp, da yawansu kuma adireshin Gmail ɗin da ke wayarsu wani yaro ne ya buɗe musu ranar da aka saye ta. Wani dattijo da nake yi wa aiki a Kwari, da na nuna masa yadda zai riƙa ganin ranakun da zan zo, sai ya ce mini, “Malam, ai kai dai ka kira ni idan ka taso, in ina nan ina nan.” Na ce, “To Alhaji, Allah ya ƙara girma, haka za a yi.” Kuma gaskiyarsa ce, domin tsarinsa yana yi masa aiki shekara da shekaru. Inda rabawar ta yi amfani shi ne tsakanina da matasan da ke taya ni aiki, domin ana iya zaɓen ko mutum ya ga cewa ba ka da sarari kawai, ko ya ga cikakken bayani, ko a ba shi ikon gyarawa, kuma tun da muka haɗa kalanda ɗaya ta wa'adin haraji, tambayar “wa ya je, wa bai je ba” ta ragu sosai. Shirya wannan ya fi sauƙi a kwamfuta fiye da a waya. Gurbin rubuta adireshi, wanda ke buɗe taswirar Google, shi ma yana aiki ne a manyan tituna kamar Murtala Muhammad Way ko unguwar Nassarawa, amma a lungunan cikin Badala kwatance ya fi shi, don haka a gurbin bayani nake rubuta kwatancen da lambar wanda zan kira.

Masu sayo kaya daga waje za su ji daɗin yadda manhajar ke sarrafa bambancin agogo. Guangzhou tana gaban Kano da awa 7, Dubai da awa 3, Saudiyya da awa 2, ma'ana idan ƙarfe tara na safe ya yi a Kwari, ƙarfe huɗu na yamma ne a wurin mai masana'anta a Sin, kuma wanda ya bari sai bayan Azahar zai kira ya riga ya makara. Ana iya rubuta ganawa da agogon can, ita kuma ta nuna ta da agogon nan, har ma tana lura da ƙasashe irin su Ingila da ke sauya agogonsu sau biyu a shekara. Ana kuma iya ƙara jerin ranakun hutu na wata ƙasa, abin da ke da muhimmanci ga mai jiran kwantena, domin bikin sabuwar shekarar Sin, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da wajen 20 ga Fabrairu, yana rufe masana'antu na tsawon kwanaki.

Ta fuskar data da caji ba ni da ƙorafi. Manhajar ba ta cin data mai yawa, kuma a waya tana buɗewa ko babu intanet, a duba abin da ke ciki, a ƙara sabo, sai ta daidaita kanta idan layi ya dawo. Abin lura ɗaya shi ne wasu wayoyin Android suna da tsarin tattalin batir mai tsanani wanda ke kashe manhajojin da ba a buɗe ba, kuma hakan na iya jinkirta tunatarwa ko ya hana ta fitowa. Ya kamata a shiga saitin batir a cire kalanda daga cikin waɗanda ake taƙaitawa, sannan a gwada da wani ƙaramin al'amari a ga ko ta yi ƙara a kan lokaci, kafin a ɗora mata amanar wa'adin hukuma. Ƙararta ma gajeriya ce, ba ta kai ta agogon farkawa ba, kuma a cikin hayaniyar Kasuwar Singa tana iya wucewa ba a ji ba.

A wayata da Turanci manhajar take magana, kuma wannan shinge ne ga mutane da yawa da suka fi kowa buƙatarta, irin su yaran shago da teloli da mata masu sana'a a cikin gida, waɗanda ke karɓar ɗinkin salla ko odar abincin biki su riƙe ranakun a ka. Sunayen al'amura dai ana rubuta su da Hausa ba tare da matsala ba, kuma allon rubutu na Gboard yana da haruffanmu masu lanƙwasa. Akwai kuma sashen ƙananan ayyuka, wanda tun shekarar 2023 aka haɗe tsofaffin tunatarwa a cikinsa ƙarƙashin Google Tasks, inda aikin da ba a kammala ba yake ci gaba da bin mutum har sai ya danna cewa ya gama. Yana da kyau ga abubuwa irin su karɓo takardar banki, amma bai isa ya riƙe babban aiki mai rassa ba.

Dole in yi maganar sirri, domin sana'ata ta amana ce. Duk abin da aka rubuta a wannan kalanda yana ajiye ne a kwamfutocin kamfanin, wanda shi ne dalilin da ya sa idan waya ta ɓata ko aka sace ta, sai a shiga da adireshi a wata wayar a tarar da komai yana nan. Wannan falala ce babba a kan littafin takarda. Amma ma'anarta kuma ita ce duk wanda ya samu kalmar sirrin Gmail ɗinka ya san inda za ka kasance gobe da wanda za ka gani. Ba na rubuta adadin kuɗi ko lambar asusun banki ko cikakken sunan mai dukiya a ciki, harafi biyu ko uku da ni kaɗai na gane sun isa, kuma ban taɓa rubuta ranar da wani zai ɗauki kuɗi zuwa banki ba. Ya kamata a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato tsarin da ke neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri kafin a shiga asusu, a kuma sauya kalmar sirri idan wani ne ya buɗe asusun. Akwai kuma 'yan damfara da ke aiko da gayyatar ƙarya mai ɗauke da mahaɗi, ta faɗo cikin kalanda kamar alƙawari na gaske, kuma maganin wannan yana cikin saiti, inda ake cewa kada a shigar da gayyata sai daga wanda aka sani.

Idan aka kwatanta ta da dayarin takarda da bankuna da kamfanoni ke rabawa a farkon shekara, dayari ya fi ta saurin rubutu a gaban mutum, ba ya neman caji, kuma buɗe shi a gaban dattijo ya fi ladabi fiye da duƙar da kai a kan waya yana magana. Har yanzu ina yawo da ƙaramin littafi saboda wannan, in rubuta a ciki a shago, da dare kuma in kwashe ranakun in zuba a kalanda. Amma dayari ba ya kiran mai shi, ba ya maimaita komai da kansa, kuma idan ya faɗi a adaidaita sahu ya tafi ke nan. Ga mai shago ɗaya wanda yininsa iri ɗaya ne daga Asabar zuwa Alhamis, ban ga dalilin da zai sa ya wahalar da kansa ba, kalandar bango mai Hijiriyya da agogon waya sun ishe shi. Ga akanta da lauya da malamin da ke koyarwa a makarantu biyu, da ɗan kwangila, da tela mai yara da yawa, da duk wanda ke ɗauke da alƙawuran mutane dabam-dabam a wurare dabam-dabam, ina ba da shawarar a gwada ta, da sharaɗin a ware zama guda a kwamfuta a fara shigar da salloli da Hijiriyya da wa'adin da ke maimaituwa kafin a rubuta ko da ganawa ɗaya, a kuma ba ta aƙalla wata guda cur, domin sai wa'adin 10 da na 21 ga wata sun zagayo sau ɗaya mutum zai iya gane ko tunatarwar da ya sa ta zo masa a lokacin da zai iya yin wani abu a kai.